Babi na Shida: Ranar Kai Yara Wasan Ruwa

Wanda duk ya taɓa zama a Paraku ko a Jugu cikin watannin Maris da Afrilu, sa'ad da hunturu ya ja da baya, damina kuwa ba ta riga ta kankama ba, ya san irin zafin da yakan sauka a arewacin Jamhuriyar Benin, zafin da kan sa mai rumfa a kasuwar Arzèkè ya wuni da mafici a hannu, ya kuma hana ƙananan yara barci a ɗaka sai an shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. A irin waɗannan kwanaki, da kuma kwanakin da ke bin ƙaramar Salla da babba, wata al'ada ta fara samun gindin zama tsakanin iyalan da Allah ya hore wa abin hannu, watau maigida ya rufe rumfa ya kwashi iyalinsa, manya da ƙanana, su tafi inda aka tara ruwa domin wanka da wasa, su yini can, su komo da yamma. Nufinmu a wannan babi shi ne mu dubi wannan al'ada da idon basira, mu faɗi alherin da ke cikinta, wanda yake mai yawa ne, mu kuma faɗi sharaɗin da in aka rasa shi alherin kan juye ya zama zaman makoki. Sharaɗin kuwa shi ne idon uba ko na uwa ya tsaya a kan yaro muddin yana kusa da ruwa, sa'an nan a koya masa iyo da zarar ya isa koyo.

Mutanen tudu a kan hanyar goro

Ba za a gane dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a kanmu ba sai an tuna yadda kakanninmu suka zo wannan ƙasa. Fatake ne, waɗanda suke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato cikin ayari, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Nikki ko Paraku ko Jugu, har su dangana da Salaga ta ƙasar Gwanja, inda za su sari goro su juyo. A shekarar 1826 Baturen nan matafiyi, Kilafatan, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya kuma rubuta labarin yawan mutanensa da dabbobinsa. Daga cikin waɗannan fatake da malaman da ke rakiyarsu ne wasu suka zauna, suka auri 'yan ƙasa, suka cuɗanya da Dandawa da Bargawa, har unguwar Wangara ta Jugu, wadda ke maƙwabtaka da Kilir mazaunin sarki, ta zama matattarar ciniki da karatu, Paraku kuma ta sami nata Zango.

Waɗannan bayin Allah sun san hanya, sun san farashi, sun san harsunan ƙasashe, amma sha'anin ruwa sun bar wa masu shi. In sun iso bakin kogi sai su sauke kaya, su biya kuɗin fito, Sorkawa da sauran masu jirage su ƙetarar da su. Tafiyarsu ma da rani suke shirya ta, domin su tarad da rafuka sun janye. Sun kuwa yi gaskiya da suka ji tsoron ruwa, gama a cikin kogin Kwara ne, wajen duwatsun Busa, Mungo Park ya halaka a 1806. Daga baya hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 438 ta iso Paraku daga Kwatano a 1936, manyan motoci suka karɓi kaya zuwa Malanbil da Gaya, aka ɗora gadoji a kan koguna, har ya zama ɗan kasuwa yana iya zuwa Yamai ya dawo ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba. Garuruwan suka bunƙasa, har ƙidayar 2013 ta sami mutum fiye da 255,000 a Paraku, ta sami fiye da 267,000 a gundumar Jugu.

Abin da ya biyo baya shi ne yaro ya tashi bai san ruwa ba sai na randa da na rijiya da na famfo, ubansa ma haka ya tashi, kakansa ma haka. Ɗan Argungu, wanda ya buɗe ido ya ga manyansa suna iyo a kan gora a Matan Faɗa, yana kuma ganin gasar ninƙaya da tseren kwalekwale a bikin kamun kifin da aka faro tun 1934, yana da wani gado wanda da yawa daga 'ya'yan Zango ba su da shi. Saboda haka ranar da iyali irin namu suka tsaya a bakin ruwa mai zurfin mita 2, sau da yawa babu ko mutum guda a cikinsu, daga tsoho har jariri, wanda zai iya fid da kansa, balle ya fid da wani.

Wuraren da ake zuwa

Wurin wasan ruwa irin na zamani, wanda ake ginawa musamman domin iyali, da dogayen kwararo masu santsi da yara ke sulalowa ta cikinsu su faɗa ruwa, da tafkin da inji ke kaɗawa ya ta da igiya, da ɗan kududdufi marar zurfi na masu tatata, abu ne da ya bunƙasa a Amurka, inda wani mutum mai suna George Millay ya buɗe Wet 'n Wild a birnin Orlando a 1977, daga nan kuma sana'ar ta bazu cikin duniya. Abin da ya fi samuwa a wajenmu shi ne tafkin wanka na otal, wanda mutanen gari ke kira pisin, inda ake biyan kuɗin shiga a ƙofa ko mutum bai kama ɗaki ba. Bayan wannan akwai ruwan da Allah ya shimfiɗa da kansa: kogin Okpara da ke gabas da Paraku, wanda aka datse, kamfanin SONEB kuma yake jawo wa gari ruwan sha daga madatsar, da rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Taneka, inda kogin Weme ya samo asali, da mafaɗar ruwa ta Kota kusa da Natitingu, wadda mutumin Jugu zai iya zuwa ya dawo a yini guda, da ta Tanugu a gefen gandun dajin Panjari, ko da yake tun daga 2019 sha'anin tsaro a wannan yanki ya sa wajibi ne mutum ya nemi shawarar hukuma kafin ya nufi can da iyali. Masu sauka Kwatano sarin kaya kuma sukan kai yara bakin teku, inda igiyar ruwa take da ƙarfin da kan ja ƙwararren mai iyo ma zuwa ciki, saboda haka abin da ya dace da baƙo a can shi ne kallo daga kan rairayi.

Kowane ɗaya daga waɗannan wurare da irin halinsa. Tafkin otal yana da iyaka, ana ganin ƙasansa, amma sau da yawa gefe guda yana kai wa yaro ƙugu, ɗaya gefen kuwa ya shanye dogon mutum, ba tare da wata igiya ta raba su ba. Kogi da madatsa suna da laka da ramuka, zurfinsu na bana kuma ya saɓa da na bara. Mafaɗar ruwa tana da duwatsu masu gansakuka, da samarin wurin da suka saba tsalle daga bisa, waɗanda yaro baƙo zai gani ya ɗauka abin mai sauƙi ne.

Abin da magabata suka ce

Akwai dattawan da ke ganin wannan fita duk shagala ce da kwaikwayon Nasara. Muna girmama kishinsu, amma littattafan da su kansu suka karantar da mu ba su tafi a kan haka ba. Malamai sun tabbatar da cewa faranta wa iyali rai da abin da yake halal ibada ce in niyya ta yi kyau, kuma jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Game da iyo kuwa, an ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi umurni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Jahizu, malamin adabi na Basra, ya kawo labarin Hajjaju ɗan Yusufu, cewa ya umurci malamin 'ya'yansa ya gabatar da koya musu iyo a kan koya musu rubutu, bisa hujjar cewa rubutu ana iya wakilta wani ya yi wa mutum, iyo kuwa ba ya karɓar wakilci. Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a Misira a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan ƙasashenmu, har da na Katsina, da wasiƙar nasiha, ya wallafa ɗan littafi sukutum a kan falalar iyo. Ashe ke nan abin da muke gani baƙo yana cikin tarbiyyar Musulmi tun da daɗewa, mu ne nisan ruwa ya sa muka bari.

Sai dai halascin abu bai kau da ladubbansa ba. Sutura tana nan a matsayinta a bakin ruwa kamar yadda take a kasuwa, ga maza da mata baki ɗaya. Wurin da ake shaye-shaye da kiɗan da bai dace da kunnen yaro ba, barinsa ya fi. Lokacin salla ba ya jiran mai wasa. Kuɗin da za a kashe kuma kada ya kai ga israfi, ko ya ci na makaranta da na cefane, gama yaro ba ya auna farin ciki da yawan jakunkunan sefa da aka kashe. Abin da ke zama a zuciyarsa har ya girma shi ne ranar da ubansa, wanda kullum yake fita da asuba ya dawo bayan lisha, ya ajiye ciniki ya zauna da shi yini guda.

Yadda yinin yake tafiya

Shirin yakan fara tun daren jiya. Uwargida ta soya wagashi, ta dafa shinkafa ko wasa-wasa, a sayi tsire a hanya, a zuba fura a gora, a ɗauki mangwaro tun da lokacinsa ne, a haɗa da ruwan sha wadatacce da tawul da kayan sauyawa da tabarmar salla. Ya fi kyau a isa da hantsi kafin rana ta take, kafin kuma taro ya yi yawa. In an isa, aikin farko na maigida, tun yara ba su tuɓe ba, shi ne ya zaga wurin da ƙafarsa: ya ga ina ne marar zurfi, ina ne mai zurfi, ya tambaya ko akwai ma'aikacin da aikinsa kawai tsaron masu wanka ne, ya kuma duba ko an ajiye doguwar sanda ko tayar ceto a kusa. In ya tsaya a baki bai hangi ƙasan ruwan sarai ba, to, kada yaro ya shiga, domin ruwan da ya ɓoye ƙasansa zai ɓoye yaron da ya nutse.

Daga nan sai a buɗe wa yara fage, kuma duk wanda ya taɓa ganin wannan sa'a ya san daɗinta. Ƙaramin yakan maƙale a wuyan uwa, ya sa ƙafa ɗaya ya janye, ya sake sawa, har sanyin ya ratsa shi ya fashe da dariya. Na tsakiya yana ta feshin ruwa yana kira, "Baba, dube ni! Baba, ka gani?" Babbar kuwa tana riƙe da bakin tafki tana harba ƙafafu, tana jin ta zama gwana. Inda akwai kwararon sulu, ƙa'idarsa ita ce mutum ɗaya a lokaci ɗaya, ƙafafu a gaba, kuma babba yana tsaye a inda yaron zai faɗo. Tsalle da ka a ruwan da ba a san zurfinsa ba abin hani ne ga yaro da babba, saboda yana karya wuya. In aka ji tsawa ko aka ga walƙiya, kowa ya fito nan take.

Haɗarin da ya fi kowane girma a wannan yini ba ya zuwa sa'ad da mutum ɗaya ke tsaron yara, sai sa'ad da manya suka yi yawa, ga uba, ga uwa, ga kawu, ga gwaggo, kowa ya saki jiki yana zaton wani na kallo. Maganin wannan shi ne a riƙa miƙa amanar da baki, a kuma karɓa da baki. Uwargida ta ce, "Alhaji, ga su nan a hannunka, su uku ne, zan je in yi la'asar." Shi kuma ya amsa, "Na karɓa, je ki." Daga wannan lokaci ba ya duba waya, ba ya shiga hira, ba ya amsa kiran abokin ciniki, sai ta dawo ya mayar mata da su da ƙidaya. Ɗan kasuwa ba ya juya wa akwatin kuɗinsa baya ranar da kasuwa ta cika, ɗansa kuwa ya fi abin da ke cikin akwatin daraja nesa ba kusa ba. Yaron da bai kai shekara 5 ba, mai tsaronsa ya kasance inda in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Kada kuma a ɗora wa yarinya 'yar shekara 10 wannan nauyi don ana kiranta Yaya, gama ita ma yarinya ce, wasa ya kawo ta. Balan-balan ɗin da ake sa wa yara a damtse, da tayar roba da ake hurawa, kayan wasa ne, suna sacewa, suna kuma kifewa. Abin dogaro in za a shiga jirgi ko ruwa mai zurfi shi ne rigar ceto ta ainihi wadda ta yi daidai da jikin yaron.

Yadda ruwa ke cin yaro

Mutane da yawa suna zaton wanda ruwa ke ci yakan yi kururuwa yana ɗaga hannu, alhali yaro ƙarami yakan nutse ne shiru, domin bakinsa da ke neman iska ba shi da sararin kira. Kansa yana da nauyi ga girman jikinsa fiye da yadda na babba yake, saboda haka in ya kifa ba ya iya miƙewa, ko da ruwan bai wuce na bokiti ko baho ba. Ƙwaƙwalwa kuma in ta rasa iska na minti 4 zuwa 6 takan fara lalacewa, wannan kuwa bai kai tsawon gaisuwar mutum biyu da suka daɗe ba su haɗu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a Disamban 2024, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga cikinsu yara ne da ba su cika shekara 5 ba. Rahoton ya nuna cewa tun daga 2000 wannan mutuwa ta ragu da kashi 68 cikin 100 a yankin Turai, a yankin Afirka kuwa kashi 3 kacal ta ragu, kuma nan ne ta fi yawa in an auna da adadin jama'a. Saboda girman al'amarin ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli, tun daga 2021, ta zama ranar faɗakarwa a kan nutsewa. Mu ma ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ba, ranar 30 ga Nuwamban 2021, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rayuka fiye da 20, galibinsu yara. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne ga iyayensu.

Tsabtar ruwa

Ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa malaman fiƙihu suna duba ruwa ta fuska uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, wannan kuwa ma'auni ne mai amfani ga uban da ke tsaye a bakin tafki: ruwan da ya yi kore, ko ya yi kauri, ko yake wari, ba a kula da shi ba. Amma akwai cutar da wannan ma'auni ba ya kamawa, ita ce tsargiya, wadda likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi na ruwa mai daɗi, musamman ruwan da ke kwance kamar na madatsa da kududdufi da gefen rafi, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, bayan makonni yaro ya fara fitsari da jini. A wasu ƙauyuka abin ya yawaita har ana ɗaukarsa alamar balaga, alhali cuta ce mai raunana mafitsara da ƙoda in ta daɗe. Tana da magani, ƙwayar da ake kira praziquantel, wadda ake rabawa a makarantu a Benin da Nijeriya da Nijar. Duk yaron da ya yi wanka a rafi aka ga jini a fitsarinsa, asibiti za a kai shi.

Tafkin otal da ake tacewa ana zuba masa sinadarin kulorin ya kuɓuta daga tsargiya, amma shi ma yana da haƙƙi a kan masu shigarsa. Yaron da ke gudawa kada a sa shi, domin akwai ƙwayoyin cutar da kulorin ba ya kashewa da wuri, kuma cutar da 'ya'yan mutane haramun ce ko da ba su san wanda ya jawo musu ba. A watsa ruwa kafin shiga da bayan fitowa, a kai ƙanana bayan gida a kai a kai, a kuma hana su haɗiyar ruwan. Yaro mai farfaɗiya yana iya yin wasa, amma sai babba yana tare da shi a cikin ruwan, ba ya barinsa ko na ƙiftawar ido.

In tsautsayi ya auku

In aka nemi yaro aka rasa, ruwa ne wurin da za a fara dubawa, kafin ƙofa, kafin wajen masu sayar da alewa. Wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa ruwa mai zurfi don ceto, gama sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. Ya yi kururuwa, ya miƙa sanda ko zane ko rawani, ko ya jefa jarka rufaffiya wadda ba kome a ciki. In an fito da yaro ba ya numfashi, a bar al'adar nan ta danna ciki ko riƙe shi ƙafa sama don ruwa ya zubo, domin tana cin lokaci, tana kuma jawo amai ya shaƙe shi. Abin da yake bukata iska ce. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi baki da baki har a ga ƙirjinsa ya taso, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjin sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma yana kiran 'yan kwana-kwana ko yana neman mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya ta da wahalar numfashi bayan sa'o'i. Wannan aiki da hannu ake koyonsa a wajen ma'aikatan lafiya ko 'yan agaji na Kuros Ruj, kuma yini ɗaya ya isa mutum ya sami abin da zai ceci rai da shi.

Ƙaddara da sababi

In ruwa ya ci yaro, mukan ce kwanansa ne ya ƙare, wasu kuma su ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Maganar farko gaskiya ce, ita ce kuma ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba kuwa mai hankalin da zai tsaya a gidan makoki yana tuhumar uwa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa Musulmi riƙon sababi ba, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali, ya kuma sanar da mu cewa kowane mai gida makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su. Wanda ya jingina kome ga iskoki ya rufe wa kansa ƙofar gyara, rijiyar da ta ci ɗansa bara tana nan a buɗe tana jiran na maƙwabci.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfin talaka ba. A Bangaladash, ƙasar Musulmi mai yawan ruwa da ƙarancin dukiya, an gwada tara ƙananan yara a hannun wata mata ta unguwa a sa'o'in da iyaye mata ke cikin aiki, sai aka ga haɗarin nutsewarsu ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Manyan yara kuma ana koya musu iyo a kududdufin ƙauye da aka kewaye da gora aka yi masa dandamali. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara irin wannan koyarwa daga shekara 6. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ake nema kaɗan ne: yaro ya iya kwanciya a kan ruwa bai firgita ba, ya iya juyawa, ya iya kai kansa baki. 'Ya'ya mata suna da haƙƙi a wannan daidai da maza, domin su ne ke zuwa rafi wanki, su ne ke shiga jirgi da goyo ranar biki, su ne kuma gobe za su tsaya a kan nasu 'ya'yan.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Paraku da Jugu, su zauna da masu otal-otal a nemi a keɓe wasu sa'o'i ga mata da 'yan mata, da mace mai koyarwa, wasu kuma ga ɗaliban Islamiyya a farashi mai sauƙi. Muna kira ga masu wuraren su rubuta zurfin ruwa a bakinsa, su raba mai zurfi da marar zurfi, su ajiye mai tsaro wanda ya iya ceto. Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai mu bazara ko Salla, ka kai iyalinka su sha iska, su yi wasa, su yi dariya, gama haƙƙinsu ne a kanka. Amma kafin ranar ka rufe rijiyar gidanka, ka kife bahon da ke tsakar gida, ka nemi wanda zai koya wa 'ya'yanka iyo, in kuma kun isa bakin ruwa ka sa waya a aljihu, ka tsaya a kansu har ku fito. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su a tudu da ruwa.